Na Yi Wa Mijina Ƙarya Don Kada A Ce Na Canza

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya kusa shekara yana cina.

Ni matar aure ce a Azare, shekarata talatin da uku, 'yata ɗaya. Tun ina ƙarama ni ake nuna wa yaran gidanmu, a ce ku dubi wance, ba ta taɓa yi wa kowa musu ba. Da haka na taso, ranar da ba a yabe ni ba sai in ji kamar na yi laifi. Da na yi aure ma haka, duk suna ko biki a dangin mijina ni ce a bakin murhu, kuma ba wanda ya tilasta ni, ni nake kai kaina, don dai in ji Hajiya, mahaifiyarsa, ta faɗa a gaban mutane cewa ta yi dacen suruka.

Bara na samu ciki bayan shekara takwas ina nema. Yana wata huɗu na fara ganin jini, likita ta ce in kwanta, ko bokiti kada in ɗaga. A satin ake bikin ƙanwar mijina a Gadau. Shi da kansa ya ce in zauna a gida, na ce masa ai likita ta ce ba komai. Ƙarya na yi, tsoro nake kada a ce na canza. Kwana biyu ina tuƙa tuwo ina sauke tukwane, rana ta uku aka kwaso ni a mota zuwa asibiti. Cikin ya zube, namiji ne.

Masu zuwa dubiya cewa suke ba a samun mai haƙurina, wai a gadon asibiti ma murmushi nake. Wallahi da na ji haka daɗi na ji, ga ɗana ko kwana biyu bai yi a ƙasa ba. Mijina har yau kansa yake zargi da ya bar ni na je.

Satin da ya wuce na gano 'yata, shekararta tara, ta ƙone da ruwan zafi a cinya ta ɓoye har ciwon ya fara ruwa. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Umma, ba na son a ce ina damun mutane. Ke ma ai ba kya faɗa."

Yanzu in gaya wa mijina gaskiya, ko in bar shi da zargin kansa? Ina tsoron irin kallon da zai koma yi min. Kuma ta yaya zan koya wa yarinyar nan ta buɗe baki ta ce tana jin ciwo, ni uwarta ban taɓa iyawa ba?