Wani Jirgin Na Tafe, Mama

Mama,

Ina gaishe ki daga Seoul. Ya ƙafar Baba? Kin gama shanya barkonon bana?

Yaya Yongsu ya ce kin sake cewa ba za ki zo a duba miki ido ba, wai kina tsoron jirgin ƙarƙashin ƙasa ya tafi ya bar ki. Haba Mama! Nan ba ƙauyenmu ba ne da mota ke zuwa sau biyu a rana.

Ni ma da wannan tsoron na zo. Ranar farko na ga ƙofar jirgi za ta rufe, na sheƙa a guje na cusa hannu. Wata tsohuwa ta fizgo ni ta ce, "Ke baƙauya, an ce miki daga shi an gama jirgi a duniya?" Ban gama murza yatsana ba wani ya iso. Da safe ko minti uku ba a yi tsakaninsu. Yatsan ya warke, sai in na daɗe ina wanke tukwane a wurin aiki yake ɗan tuna mini. Kada Baba ya ji.

Cunkoso kam akwai, a tsaye nake zuwa nake dawowa. Ke kuwa akwai kujerar tsofaffi.

Ki zo ranar Talata, ki riƙo mini kimchinki, kabejin nan mai yaji da kike tsumawa. In jama'a suka raba mu a bakin ƙofa, ki tsaya inda kike, kafin ki gama faɗa na dawo. Jirgi in ya wuce, wani na tafe. Idonki ne, Mama, in ya tafi babu wani a bayansa.

Allah ya kawo ki lafiya.

'Yarki,
Dallae