Akwatin da Ke Ƙarƙashin Gadona

Juma'a, 10 ga Janairu 2025
Mutum bakwai yau a gidana bayan an sauko daga masallaci. Lokacin da Inna take nan unguwarmu ta Kudai, sai an shimfiɗa tabarma har bakin matakala. Wata biyu ke nan da ƙanena Sa'ud ya ɗauke ta zuwa Jidda, wai gidansa ya fi kusa da asibitin ƙoda. Ni ne babba, amma ba wanda ya nemi shawarata. Shinkafa ta yi saura rabin tukunya.

Litinin, 13 ga Janairu
'Yata Nadiya za ta yi jawabi a jami'a kan yadda biranen Turai suka zama mazaunin mulki. Ta zaunar da ni ta gwada a kaina, rabi da Larabci, rabi da Hausarta mai ɗingishi. Wai da can sarakunansu yawo suke yi gari gari, fada da kayanta duk a kan amalanke. Sai wani sarkin Faransa ya yi asarar takardun mulkinsa a wurin yaƙi, daga nan aka riƙa ajiye su a Paris. Ta ce, "Abuya, inda akwatin takardu ya zauna, nan mutane suke taruwa."
Na ji daɗin maganar fiye da kima. Akwatin ƙarfen Inna yana ƙarƙashin gadona, da takardun kakanmu wanda ya tako da ƙafa daga Kano.

Laraba, 15 ga Janairu
Sa'ud ya bugo. "Yaya, Inna tana tambayar akwatinta." Na ce akwatin na gida ne, gida kuwa nan ne. Ya ce tayyib, wato shi ke nan, ya kashe. Na tabbata shi ke so, ba ita ba.

Juma'a, 17 ga Janairu
Mutum huɗu yau.

Lahadi, 19 ga Janairu
Yau labarin ƙasar Sifen Nadiya ta karanta mini. Sarki ya kwashe fadarsa daga Toledo ya koma Madrid, masu neman alfarma suka bi shi. Na ce to ita Toledo fa? Ta ce an bar mata babban coci da tarihi. Sai kawai na hau ta da faɗa kan takalman da ta bari a ƙofa. Ba laifinta, baiwar Allah.

Juma'a, 24 ga Janairu
Yau ni da matata Mu'minat da Nadiya ne kawai. Ƙanwata Hure ta turo hoto daga Jidda: falon Sa'ud cike, Inna a tsakiya. Ta rame sosai, awarwaronta ya gangaro har gwiwar hannu. Akwati yana nan, ba wanda ya tako dominsa. Kishi nake ji, kuma ina jin kunyar kishin.

Talata, 28 ga Janairu
Inna da kanta ta kira ni a shago, muryarta can ƙasa. "Mukhtaru, riƙe takardunka. Likkafanina nake so, yana ƙasan akwatin, wanda na wanke da zamzam. Ina so ya zauna kusa da ni."
Na rufe shago tun kafin la'asar. Na zazzage akwatin. Yana nan a ninke cikin leda, yana ƙanshin turarenta. Kwana goma sha uku na hana ta shi.

Juma'a, 31 ga Janairu
A Jidda na yi sallar Juma'a. Ba wani abu ba ne, saƙo na kai. Akwatin gaba ɗaya na ɗauka, don ya fi sauƙi a kan a yi ta rarraba kaya. Inna ta sa aka tura shi ƙarƙashin gadonta, ta riƙe hannuna ta daɗe. Sa'ud ya tashi ya ba ni kujerarsa, na ce ya zauna, gidansa ne.
A hanyar dawowa na ce wa Mu'minat mako mai zuwa kada ta ɗora babbar tukunya.