Na Rubuta Alhamis a Katin Asibiti, Alhali Juma'a Aka Yi Allurar

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin kowa ya zage ni ya daure ya kai ƙarshe, don zagin da zai yi na riga na yi wa kaina ninkinsa.

Ni mutuniyar Yelwar Yauri ce, shekarata goma sha ɗaya da aure, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Mijina falken bandar kifi ne, yana saya a bakin ruwa yana kaiwa kudu. Mutum ne mai haƙuri, bai taɓa yi mini gorin haihuwa ba, amma abu guda ne ba ya yafewa, shi ne ƙarya. Da muka gaji da jiƙe-jiƙe sai muka nufi wani asibiti a Abuja inda ake dashen ƙwai. Aka haɗa nawa da nasa, aka samu 'yan tayi biyar aka adana su a ƙanƙara. Aka dasa biyu, ba su zauna ba. Sai likita ta ce kafin a ƙara taɓa sauran ukun tana so a gwada bangon mahaifata, domin kowace mace akwai ɗan lokacin da mahaifarta ke buɗe ƙofa ta karɓi ɗan tayi, wata nata yakan zo da wuri, wata a makare. Za a ba ni magani kamar za a yi dashen gaske, in yi allura kwana biyar cif, sannan a ɗan tsinko naman bangon a aika a duba ko ya nuna a wannan ranar. Ta ba ni kati ta ce in riƙa rubuta rana da ƙarfen kowace allura. Sau uku ta maimaita mini: allurar farko ranar Alhamis, ƙarfe takwas na safe, daga ita ake fara ƙirga komai.

To kun san garinmu, in kika yi atishawa a kasuwar kifi kafin la'asar an ji har garin Shanga. Saboda haka babu wanda ya san muna wannan magani sai Inna, mahaifiyata, da Yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙauye tsallaken ruwa ta wajen Wara. Ita ta ɗauki alkawarin yi mini allurar. Wa zan yarda da shi a duniya in ban yarda da ita ba? Ita ta goya ni.

Ranar Alhamis ta zo, maigidan yana hanyar kudu da kaya, na yi wanka na zauna da kwalbar allura a gabana. Takwas ta wuce, tara ta wuce. Sai ga wayar Yaya, wai iska ta taso a kan ruwa, masu jirgi sun ƙi tashi. Na ce bari in nemi wata ta yi mini, ta ce, "Ke kina da hankali? Ki kai sirrinki kemis? Kwana guda ba ya komi, ni ce ma'aikaciya ko ke?" Ta iso Juma'a da safe ta yi mini. Da na ɗauko katin sai ta dafa hannuna ta ce, "Rubuta Alhamis. In kika sa Juma'a sai su soke gwajin ga baki ɗaya, mijinki ya sake ɗaukar wata wahala." Na san injin jirginsa na ruwa ya sayar muka samu kuɗin asibitin. Na rubuta Alhamis da hannuna, babu wanda ya riƙe mini biro. Ranar da za a tsinki naman, likita ta kalle ni ta ce, "Hajiya, an fara a kan lokaci ko?" Na ce mata e, mijina yana zaune a gefena.

Sakamako ya dawo, wai mahaifata mai jinkiri ce, sai an ƙara mata kwana ɗaya. Ina za ta nuna, alhali kwana huɗu ta samu ba biyar ba? Maigidan har sujada ya yi, ya ce yanzu an gano matsalar. Aka shirya dashen gaske, wannan karon a Abuja na zauna, ma'aikatansu suka yi mini allura a kan lokaci, aka ƙara kwana ɗayan nan da ƙaryata ta haifar, aka dasa biyu. Bayan sati biyu aka auna jini, babu komai. Likita ta faɗa mana tun farko cewa ko an dace da lokaci ba dole ne ya zauna ba, na sani, kuma na san komai da ƙaddara. Amma ta yaya zan hana zuciyata cewa na kai 'ya'yana biyu ƙofa bayan an rufe?

Duk da haka ban ga laifin Yaya ba, na ce iska ta Allah ce. Sai satin da ya wuce na je gaida Inna, na gaya mata an sa ranar dasa na ƙarshen, guda ɗayan da ya rage. Tana tsince shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "To ki hwaɗa min ranar da wuri, a kai ma Malam shi duba kamar wancan karo. Ai da ba mu tsaida yayarki ba, da kin soma ran Alhamis ɗin ga da ya ce ba ta da sa'a." Na ce, "Inna, wace tsaidawa? Ba iska aka yi ba?" Sai ta yi dariya ta ce, "Wace iska? Nan ɗakin ga ta kwana ran Laraba."

Jama'a, ashe ranar da nake zaune ina kuka da kwalba a hannu, Yaya tana cikin Yelwa, tsakanina da ita tafiyar ɗan kabu-kabu ce ta minti biyar. Inna ba ta yi boko ba, ita a ganinta gata ta yi mini, ba na iya riƙe ta a zuciya. Amma Yaya fa? Ita da ta san abin da ake nufi da lokacin magani, ita da na karanta wa takardar likita a waya? Na same ta na tambaye ta, ko kunya ba ta ji ba. Ta ce, "Inna ta haɗa ni da nononta, mi kike so in yi? Kuma ni na rubuta katin? In kin tona, ki sani mijinki ba ya ƙara taka gidanmu, ke kuma ya san kin dubi idonai kin yi mai ƙarya." Wallahi wannan maganar ta fi mini ciwo fiye da ƙaryar iskar, domin ta nuna mini tun ranar da ta dafa hannuna ta san da abin da za ta rufe mini baki.

Yanzu saura kwana tara in fara magani, kuma likita da wannan sakamakon za ta yi aiki, za ta ƙara kwana ɗaya. Ɗan tayi guda ya rage mana, kuma ta ce da wuya jikina ya sake ba da ƙwai masu kyau. In na yi shiru, aurena lafiya, zumuncinmu lafiya, amma na miƙa na ƙarshen a kan ranar da na san ta ƙarya ce. In na gaya wa likita, dole a ɗaga dashen, dole maigidan ya tambayi dalili, kuma ba zan iya yi masa ƙarya ta biyu ba. Mutumin nan jiya ya dawo daga kasuwa da 'yar rigar jarirai, ya ɓoye ta a ƙasan jakarsa yana zaton ban gani ba.

Ban gaya wa Inna ranar ba, ban kuma ɗaga wayar Yaya ba tun ranar. Katin yana nan cikin jakata da rubutun hannuna. Me zan yi?