Yadda Ta Fito Daga Kamfani

Lahadi, 8 ga Satumba, 2013

Na je Birmingham wurin Baba. Ya ce min, "Sannu da zuwa, malam," ya gyara zama, ya tambayi daga wane ofis aka turo ni. Ƙanwata Rabi'a ta ce, "Baba, Yaya Halliru ne fa, ɗanka." Ya ce to madalla, irin "to" ɗin da ake yi wa mai tallan da ba za a sayi kayansa ba. Ita yana gane ta, tunda a gidanta yake zaune. Ni kuwa, da ciwon mantuwar nan tasa ya yi ƙarfi, tun kafin azumi na zama baƙo.

Abin ya yi min ciwo. A hanyar dawowa Manchester ko rediyo ban kunna ba.

Alhamis, 19 ga Satumba

Yini guda a gareji. Tun da council, hukumar birnin, ta rage ma'aikata ta sallame mu, wannan kogon da ke ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa a unguwar Ardwick ya zama ofishina. Injiniya guda, kullum da ƙyalle a hannu yana goge ƙarfe.

Amma motar tana dawowa hayyacinta. Mustang Mach 1 ƙirar 1969, ja, sak irin wadda Baba ya saya hannun wani Ba'amurke muna yara a Kaduna. Tasa ta daɗe da zama tarihi. Wannan a rumfar wani manomi na tsinto ta, kuma duk wanda ya riƙe ta kafin ni ya ci amanarta. Bonet ɗin da ya kamata ya zama baƙi marar sheƙi ya shafa masa mai ƙyalli kamar takalmin Sallah. Zanen gefe na ƙirar 1970 ya liƙa mata. Sitiyarin ma na wata motar ne can daban.

Yau na jera haruffan sunanta a kan but, ina auna tazarar kowanne. Dalyop, abokina da muke raba garejin da shi, ya tsaya yana min dariya. Wai ko wanda ya ƙera ta bai auna haka ba. Na ce masa ko dai mota ta zama yadda ta fito daga kamfani, ko ta zama kwaɗo. Babu tsakiya.

Asabar, 28 ga Satumba

Rabi'a ta kira. An rufe day centre, wato gidan kula da tsofaffin da ake kai Baba da rana, wai babu kuɗin gudanar da shi. Ita likita ce, ba za ta bar marasa lafiya ta zauna gida ba, shi kuma ba a barin sa shi kaɗai. Shekaranjiya ya kunna gas ya fita tsakar gida. Ta riga ta yi magana da Gwaggo Inno, ƙanwarsa. Farkon Disamba za a mayar da shi Kaduna.

Na hau faɗa, wai an yanke ba a tambaye ni ba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "To Yaya, ka ɗauke shi gidanka na Withington mana." A flat ɗin sama, mai matattakala kamar tsani. Ta san ba zai iya hawa ba.

Abin da ban faɗa mata ba: in ya tafi a haka, ya tafi bai san ni ba ke nan. Ta waya wa zai ce masa ga ɗanka?

Talata, 15 ga Oktoba

Babbar Sallah, a gidan Rabi'a. Baba ya ci nama sosai. Ya ja matata Zinatu gefe ya tambaye ta wane ne wannan mutumin da ke ta kallon sa.

Da la'asar na nuna masa hoton motar a waya. Ya daɗe yana kallo, ya sa yatsa a kan fitilun gaba, ya ce, "Huɗu ne." Huɗu ne kuwa! Ƙirar 69 ce mai fitila huɗu. Ashe tana nan a kansa, wani wuri can ciki. In ya gan ta ido da ido, ya zauna a ciki, ya shaƙi warin kujerun...

Akwai nunin tsofaffin motoci a Birmingham tsakiyar Nuwamba, ƙungiyarmu ta masu tsofaffin motoci ta ba ni wuri. Can zan kai shi. Dole komai ya zama daidai.

Laraba, 23 ga Oktoba

Sitiyari na asali ya iso daga Amurka. Ba shi da maɓallin hon a tsakiya, wata siririyar roba ce ta zagaye shi ta ciki, sai ka matse ta hon ya tashi. Ga kuma ƙasan dashbod ɗin da na yi ta nema tun bara, lafiyayye, babu huda ko ɗaya. Na shafa shi kamar jariri. Kunya ce, amma gaskiya ce.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

An kira ni interview na neman aiki a Leeds ranar jajiberin nunin. Na ce su ɗaga. Ba su ɗaga ba.

Zinatu ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Tana yanka albasa ta ce, "Abban Raki, in bai gane motar ba fa?" Na ce mata ba ta san komai game da mota ba. Ta ce haka ne. Na fita ban ci abinci ba, na ƙare da cin chips a tsaye a ruwan sama.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Ba na son rubuta wannan.

Da safe komai lau. Wani dattijon ƙungiya ya zagaye motar da tocila da ɗan madubi, ya leƙa ƙarƙashin kujeru, ya duba murfin tanki, ya duba agogon da ke gaban fasinja, ya ɗago ya ce bai ga abin cewa ba. Shekaru nake jiran wannan maganar.

Bayan azahar Rabi'a ta turo Baba a keken guragu, saboda zauren da girma. Da ya hango motar ya miƙe da kansa. Wallahi da kansa. Muka zaunar da shi a mazaunin direba, ya ɗora hannu a sitiyari, fuskarsa ta saki. Na ce a raina shi ke nan.

Sai ya zura hannun hagu ƙarƙashin dashbod yana lalube. Ya laluba, ya sunkuya, ya sake lalubawa. "Ina abin?" Na ce wane abu, Baba? "Ina abin nan?" Na zaci hon yake nema, sai na miƙa hannu na matse robar don in nuna masa. Ƙarar ta cika zauren. Ya firgita, ya ce, "Wannan ba tawa ba ce. Malam, ka mayar wa mai ita, kada a ce mun sata." Ya yi ta roƙo a fitar da shi. Mutane sun taru suna kallo.

Rabi'a ta tafi da shi. Na zauna kusa da motar har aka tashi, ina amsa tambayoyin Turawa a kan fenti.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Rabi'a ta san abin da yake nema. Ta ce robar sitiyarin motar Baba ta tsufa ta daina aiki, sai Gidaɗo mai rewaya ya huda ƙasan dashbod ya ɗaura masa maɓallin ƙararrawar gida, fari, irin na bakin ƙofa. Ita ce 'yar gata, a cinyarsa take zama, ita take danna masa in sun iso gida. Ni ban taɓa ganin abin ba. Kullum ina baya, ko ina cikin gida, in na ji hon in ruga in buɗe get. Ƙarar kawai na sani.

Me na ce mata? Na ce, "Ai wannan ba na kamfani ba ne." Ta ce, "Yaya, Allah ya shirye ka," ta kashe.

Na ji haushinta, na ji haushin Gidaɗo da ban ma san ko yana raye ba. Motar da na yi shekaru ina nema ashe ba ta taɓa wanzuwa a gidanmu ba.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Na bi ta unguwar Cheetham Hill sayen gari. Na shiga wani shagon kayan lantarki, kallo kawai. Maɓallin ƙararrawar da na fito da shi muni gare shi, farar roba mai arha. Na ce wa Dalyop na ƙofar flat ne. Ya ajiye min na'urar huda a kan benci ya tafi shan shayi.

Lahadi, 1 ga Disamba

Jibi jirgin su Baba zai tashi.

Hudar da na yi a ƙasan dashbod na ɗaura maɓallin ƙarama ce. Sai mutum ya sunkuya zai gani.

Na tuƙa motar har Birmingham cikin yayyafi, gishirin da ake zubawa a titi saboda ƙanƙara yana fallatsar mata ciki, ban ma tsaya tunanin hakan ba sai yanzu. Na tsaya a bakin get ɗin Rabi'a. Muka fito da Baba cikin bargo, muka zaunar da shi a mazaunin direba, na zagaya na zauna gefensa. Hannunsa ya tafi kai tsaye, bai ko laluba ba. Ya danna. Ya saurara. Ya sake dannawa, mai tsawo, har maƙwabciya ta ɗaga labule.

Ya juyo ya ce min, "Yi haƙuri, malam, yanzu Halliru zai buɗe mana. Ba ya daɗewa. Yaron kirki ne, faɗa masa ne dai ba na yi, kada kansa ya kumbura."

Na ce to, Baba. Na fita, na zagaya ta baya, na buɗe get ɗin. Ɗan ƙaramin get ne na katako, ko keke da ƙyar zai wuce. Ya ɗaga min hannu ta gilas. Ban sani ba ko Halliru ya ɗaga wa ko malam, kuma ban tambaya ba. Rabi'a ta koma ciki da sauri, wai ta bar tukunya a wuta.

Maɓallin zan bar shi tukuna. In na cire, rami zai bari.