Kwamfuta Ta Sauya wa Shanun Kakana Suna

Anti Saudatu, don Allah ki cece ni, gidanmu na neman watsewa, kuma ni na jawo.

Ni jikan Ardo Hamman ne, a rugarmu kusa da Dangora. Na karanta kwamfuta a Kano, yanzu ina aiki da wata ƙungiyar manoma a Kiru, inda muke da kwamfuta ɗaya da janareta. Kakana ya tsufa, ya ce zai raba wa 'ya'yansa shanu tun yana raye, don kada a yi rigima a bayansa. Ni da rawar kai na ce a bar min rubutun, zamani ya zo.

Na zauna na rubuta furogiram, wato umarnin da kwamfuta ke bi, da tsarin rubutu na C++. Na yi wa saniya ƙira guda: sunanta, launinta, uwarta, da wanda aka ba. Kowace saniya na ƙera ta a kan wannan ƙirar, na zuba su duka a jeri. Da na ce a buga, sai firinta ta fito da 0x1A3C, 0x1A58, haka har ƙasa. Ba sunan Fara, ba na Gajera, ba na kowace saniya. Man janareta kuma ya ƙare.

Anti, kunya ta hana ni komawa hannu rabbana. Na ce musu ai sunayen shanun ne a harshen kwamfuta, na kuma rubuta sunan kowa da biro a gefen wasu lambobi. Aka yi fatiha. Baffa Labaran ya sa aka rubuta masa nasa da fenti a ƙahon shanu, har ya haddace yana kiransu da su. Sun ƙi zuwa, ya ce taurin kai ne irin na wanda bai je makaranta ba.

Sai Goggo Dije ta nemi tata takardar. Mijinta ya rasu, nonon Gajera take sayarwa a kasuwa ta ciyar da yara. Na sake bugawa, lambobin suka fito daban! Da aka gwada takardun biyu, babu lambar Goggo ko ɗaya a sabuwar. Ta ce an sace mata saniya a cikin akwatin kwamfutar. Baffa ya ce ba sata ba ce, shanun ne suka yi ƙaura da kansu, kuma duk wadda ta rasa lamba ta koma hannun babban ɗa, wato shi. Jiya ya zo ofis da igiya, yana so a buɗe bayan kwamfutar.

Kaka ya ce in ba a daidaita ba zuwa Juma'a, ya fasa rabon, kuma Gajera za ta koma garken Baffa. Yaya zan yi?

Jikan Ardo, Dangora

*

Ƙanena,

Ka fara da kwantar da hankalin Baffa: babu saniya a bayan kwamfuta, sai ƙura da wayoyi.

Injin bai yi maka ƙarya ba. Jerin da ka yi ba shanun ne a ciki ba, adireshinsu ne, wato inda aka ajiye kowace a ƙwaƙwalwar injin. Ka ce ya buga abin da ke jerin, ya buga. Kuma duk lokacin da aka tayar da furogiram, yana iya sauke su a inda ya ga fili, kamar mai masaukin baƙi. Shi ya sa lambobin suka sauya. Baffanka ya yi wa shanunsa fenti da lambar ɗaki.

Gyaran ba wuya. Ka sa furogiram ya bi jerin ɗaya bayan ɗaya, a kowane adireshi ya shiga ya tambayi mai ɗakin: saniya->suna, saniya->launi, saniya->mai_ita. Abin da ya fi ma, ka ƙara wa ƙirar saniya aikin bayyana kanta, ta yadda kowace za ta faɗi nata idan an zo kanta. Ka sayi man janareta isasshe wannan karon.

Mai wuyar shi ne ɗaya ɓangaren. Na fahimci kunyarka. Duk wanda dangi suka tura birni karatu ya san nauyin dawowa ya ce ban iya ba. Amma Goggo ce mai gaskiya, an nuna mata takarda babu saniyarta. Baffa kuwa, ina zargin ya fahimci kwamfuta daidai gwargwadon yadda ta amfane shi.

Kafin Juma'a ka durƙusa gaban Ardo kai kaɗai, ka faɗa masa babu wani harshen kwamfuta, kai ne ka yi kuskure. Sannan a karanta sabuwar takarda a tsakiyar garke, ana kiran suna ana kama saniya a gaban shaidu. Igiyar Gajera kuma kai da kanka za ka miƙa wa Goggo.

Allah ya ƙara wa Ardo lafiya, ya sa albarka a garken, kai kuma ya ba ka ƙarfin gwiwar zuwa gabansa.

Saudatu