Fitilar da ke Cikin Kabad

Durban, watan Satumba

Zuwa ga ƙanena Mzoxolo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka da 'yan biyu. Mu nan sai godiya.

Kada ka yi mamakin ganin takarda maimakon kira. Ɗakinmu ɗaya ne, ko tari na yi a waya Sakhumzi yana ji, kuma ya hana ni gaya wa kowa yadda jikinsa ya koma. To ni dai ga shi na gaya maka: mijina yana ƙarewa a gabana. Ciwon dajin bai tsaya ba, maganin asibiti kuma ya kashe masa baki. Na dafa masara da wake yadda yake so, ya kalla ya kau da kai. Amasi ma, nonon da a da yake shanye kwano guda kafin in zauna, yanzu cokali biyu ne sai amai.

Ka tuna shayin wiwi da mahaifinmu Tata yake dafa wa kakarmu lokacin da ta daina cin abinci? Na sayo na bakin titi na gwada. Mzo, wannan ba wiwi ba ne, hauka ce aka ƙulle a leda. Zuciyarsa ta riƙa bugawa kamar za ta fito, ya rantse in na sake ba shi zai kai ƙarata wurin danginsa. Na aika gida Lusikisiki a nemo mini irin namu mai sanyi, aka ce kowa ya koma shuka irin waje tunda shi masu saye suke so. Abin da ya rage sai 'yan ƙwayoyin gonar Tata da Mama ta ƙulle mini a ƙyalle ranar da aka kai ni gidan miji. Na jiƙa su duka, guda ɗaya tal ta tsiro.

Doka ta bar mutum ya shuka nasa a cikin gidansa, amma doka ba ta ba ni rana ba. Tagarmu bangon wani bene take kallo. Na kwashe kaya daga kabad, a ciki nake son in rene ta. Kai da kake aiki a gonar wiwi ta cikin gini, wadda ba ta taɓa ganin sama ba, gaya mini wace fitila zan saya. Na ga wasu masu haske shunayya a shagon kayan wuta, da araha. Kada ka yi mini dogon wa'azin nan naka, ba ni da lokaci.

Yayarka,
Lungelwa

*

Paarl, watan Satumba

Zuwa ga yayata, Sisi Lungelwa,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Sibali Sakhumzi, surukina na kirki. Na karanta takardarki a tsaye a bakin ƙofar gona, na kasa shiga aiki sai da na wanke fuska.

Kada ki sayi shunayyar nan. A ƙarƙashinta ganye mai lafiya da mai ciwo duk kala ɗaya ne, ba za ki gane komai ba sai ta mutu. Na saya miki farar fitilar LED mai faɗi kamar faranti, haskenta kamar na hantsi, ba ta cin wuta sosai. Direban motar da ya kawo miki wannan takarda shi zai miƙa miki ita, tare da agogon da ke kunna ta ya kashe ta da kansa.

Ki rataye ta da igiyar da za ki iya ja sama, a tsakiya daidai, kamu guda daga kan shukar. Ki sa bayan hannunki a daidai ganyen sama. In kin ji zafin ya dame ki, ita ma ya dame ta, ki ɗaga. Kuma Sisi, irin Tata irin gangaren dutse ne, bai san akwai abin da ake kira rufi ba. Zai yi ta miƙewa yana neman fitilar. A gida ba wanda ya taɓa matsar da rana don wiwi, amma a nan sai kin matsar.

In ta kai ƙugunki, ki gyara agogon: rabin lokaci haske, rabi duhu ƙirin. Dogon duhun nan shi ke gaya mata lokacin fure ya yi, maganin kuwa a furen yake. Tunda Durban akwai zafi, ki bar fitilar ta yi aiki da dare, da rana ki rufe kabad ta yi barcinta, ke kuma kina wurin aiki.

Kin ce kada in yi wa'azi, na san na yi. Ki yi haƙuri.

Ƙanenki mai biyayya,
Mzoxolo

*

Durban, ƙarshen Nuwamba

Mzo,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka gaida mutanen gidanka.

Fitilarka ta iso, kuma ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Shukar ta yi ta tashi kamar ana jan ta. Mun kwana uku a asibiti, na dawo na tarar ta kai kanta har jikin fitila, ganyen sama sun yi fari fat kamar furfura. Na tsaya ina zaginta, Sakhumzi yana kan gado yana dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ki bar 'yar ƙauye mana, MaLunge. Ke ma da kika zo birni ai duk abin da ke walƙiya sai da kika taɓa." Sunan ya bi ta ke nan. Na yanke abin da ya ƙone, na ja igiya, na lanƙwasa kanta na ɗaure.

Amma ga abin da ya hana ni sukuni. Tun tsakiyar Oktoba na gyara agogon yadda ka ce. Har yau ko alamar fure babu. Ganye kawai take yi, shar da ita, kamar tana yi mini gwalo. Na ɗaga fitila, na sauke, na matsa da ita gefe, na dawo da ita tsakiya. Na tafasa ganyen na ba shi, bai yi masa komai ba. Wandonsa na coci yanzu sai na ninka ƙugun kafin ya tsaya. Ina tsoro, Mzo. Ko fitilar ce ba ta isa ba? Ko namijin wiwi na rena, wanda ba ya furen magani, ban sani ba? Ka faɗa mini gaskiya.

Yayarka,
Lungelwa

*

Paarl, farkon Disamba

Sisi,

Ina gaishe ki, ina gaida Sibali da jiki.

Fitilar ta isa. Namiji ma da ya nuna kansa tuni. In shuka ta ƙi fure haka, haske ne yake shigar mata a lokacin barci. Ko ɗan kaɗan ne ya katse mata duhu, sai ta ɗauka har yanzu tsakiyar damina ce, ta ci gaba da yin ganye. Ranar da ba ki da aiki ki shiga kabad ɗin da rana, Sibali ya rufe ki a ciki. Duk inda kika ga zaren haske ki toshe da tsumma. Ki duba agogon kuma, ko ɗauke wuta ya rikita shi.

Na so in ɗebo miki daga wurin aikinmu, amma har takalmi ake caje mu, kuma namu ya fi na titin nan ƙarfi. Kada ki karaya.

Ƙanenki,
Mzoxolo

*

Durban, tsakiyar Disamba

Mzo,

Na gaishe ka. 

Na shiga kabad kamar yadda ka ce, da girmana da komai. Babu haske ko na ƙwayar gero. Agogo lafiyarsa ƙalau. Shekaranjiya injin wankin otal ɗin da nake aiki ya lalace, aka sallame mu da tsakar rana. Na buɗe ƙofa, sai na ga ɗakina fes da haske. Kabad a buɗe, an cire agogon an soka fitilar kai tsaye a bango. Sakhumzi yana zaune a kujera a gabanta, ba riga, bargo a gwiwa, ƙafafunsa a cikin kabad kusa da tukunyar, idonsa a rufe. Duk haƙarƙarinsa a waje.

Na ce, "Sakhumzi, me kake yi?"

Ya zabura kamar an kama shi da hannu a tukunyar nama. Ya ce, "Kai, yau kuma da wuri? Hantsi muke sha ni da 'yar ƙauye. Kada ki yi faɗan wuta, kullum ina kashewa kafin ki dawo."

Na ce, "Kullum? Tun yaushe?"

"Tun da kika fara kulle ta da rana. Tausayi ta ba ni. Wa ya taɓa ganin wiwi a duhu da rana tsaka? A gonar babana wadda ta fi shan rana ita ta fi kyau. Na ce bari in taimaka miki ta yi sauri." Sai ya shafa ganye ɗaya. "Kuma ɗakin nan in kin fita kamar rami yake, MaLunge. In na zauna a nan na rufe ido, da warin nan da ɗumin nan, sai in ga kamar ina kan gangaren kogin Mzintlava ina tsaron shanu."

Ban taɓa gaya masa dalilin duhun ba, Mzo. Na ɗauka mara lafiya ba ruwansa da zancen agogo. Na zauna a ƙasa na bayyana masa. Ya ce, "Wato ni na hana ta?" Na ce a'a. Ya ce, "Ƙarya ba ta yi miki kyau." Muka yi kuka mu biyu a gaban kabad kamar yara. Wata biyu cur, yana zaune yana shan hasken da yake hana shi magani, kuma a duk rashin lafiyar nan ban taɓa ganin fuskarsa a sake kamar yadda na gan ta da na buɗe ƙofar ba. Yanzu ya ce in sa kwaɗo. Ni kuma na kasa. Me zan yi?

Lungelwa

*

Paarl, Disamba

Sisi Lungelwa,

Gaisuwa gare ki da Sibali.

Kada ki sa kwaɗo. Ki juya agogon kawai: haske da rana, duhu da dare. Ki bar ƙofar kabad a buɗe muddin fitila na ci, zafin zai fita, shi kuma ya zauna yadda yake so. Da yamma a rufe, kowa ya yi barci. Ki ɗan matso da fitilar bakin kabad, ki karkata ta kaɗan yadda za ta same su su biyu. Shukar ba za ta rasa komai ba.

Abin da ya kamata in faɗa tun farko ke nan. Na yi lissafin zafin Durban, ban yi lissafin mutumin da zai wuni shi kaɗai a ɗaki mara rana ba. Ina ta tunanin da na bar ki kin sayi shunayyar nan, da bai ga gida a cikinta ba, da yanzu furen yana hannunki. Matata ta ce in daina, amma na kasa.

Dole in gaya miki wannan kuma, don kin ce in riƙa faɗin gaskiya. Irin Tata ba ya gaggawa. Daga yau zuwa nunar fure, sai wajen kaka. Ki gaya wa Sibali in ji ni, ya jira ta. Ya yi mata laifi, sai ya tsaya ya ba ta haƙuri.

Ƙanenki,
Mzoxolo

*

Durban, watan Afrilu

Mzo,

Na gode da zuwa jana'iza, na gode da ɗaukar akwatin gawar. A can mutane sun yi yawa, ban samu na yi maka magana ba.

Ka daina zargin kanka da farar fitila. Makonnin nan na ƙarshe kullum yana gabanta, har waƙar kiwo yake yi mata. Ya ga fararen gashin fure na farko sun fito, ya ce, "Ashe mace ce, shi ya sa ta iya riƙo." Bai kai ga sauran ba.

Jiya na dawo da baƙaƙen kayana na takaba. Maƙwabciyata MaGumede ta riƙa ba ta ruwa, tana buɗewa da safe tana rufewa da yamma. Ta nuna, Mzo. Rassan har sun sunkuya don nauyi, tun daga matakala nake jin warin gida. Na tsaya ina kallonta, ban san wa zan dafa wa ba.

Kujerar tana inda ya bar ta. Yau da safe agogon ya kunna fitilar da kansa, hasken ya sauka a kanta daidai yadda ka ce in karkata shi. Na miƙa hannu zan cire wayar, na kasa. Ka zo ka cire ta, ka tafi da abarka.

Yayarka,
Lungelwa