Gidajen da Layi Ya Danne

Litinin, 3 ga Yuni

An liƙa sabuwar taswirar ambaliya a bangon sakatariya. Jiha ta zana, ƙaramar hukuma ta sa hannu, aka ɗauki hoto ana musabaha. In gidanka ya faɗa cikin shuɗi, ruwa zai ci ka, don haka za a ba ka fili a kan tudu. In a fari kake, kwanta ka yi minshari. Tsakaninsu baƙin layi mai kauri. Na sa tabarau na nemi gidana, ban gan shi ba. Layin ya danne shi, shi da duk jerin gidajenmu. Shekara da shekaru ina koya wa yara karatun taswira, yau taswira ta zauna a kaina.

Laraba, 5 ga Yuni

Maman yara ta ce mu koma wurin ƙaninta kafin damina ta kankama. Mai Bene ke nan, yaron da na kayar a jarrabawar labarin ƙasa, yanzu shi ne mai gida a kan tudu. Na ce ba inda za ni sai hukuma ta faɗa mini ko a ruwa nake ko a tsandauri. Ta ce, "Malam, Inna fa?" Ɗakin mahaifiyata ne a ƙarshen gida, inda ƙasa ta fi gangarawa, kuma tun da ɓarin jikinta ya shanye sai an ɗaga ta. Na ce ɗakin bai taɓa shan ruwa ba. Gaskiya ne kuma.

Talata, 11 ga Yuni

Ofishin tsare-tsare na ƙaramar hukuma. Fanka ba ta juyi, fayil har sili. Jami'in ya ɗora yatsa a kan unguwarmu ya ce, "Ranka ya daɗe, mu shuɗi aka ce mu tasa. Layi na jiha ne."

Alhamis, 20 ga Yuni

Ma'aikatar jiha. Injiniyar yarinya ce mai ladabi. Ta ce a takarda layin zare ne, amma in aka sauke shi a ƙasa faɗinsa ya kai jerin gidaje guda. Ba za a san ɓangaren da muke ba sai ƙaramar hukuma ta aiko masu awo gida-gida. Da na miƙe ta rage murya: "Baba, da ni ce da na tashi." Na ce ta rubuta mini haka ta buga hatimi. Ta yi murmushi ta dubi ƙofa.

Asabar, 6 ga Yuli

Maƙwabcina Tela ya raɗa mana suna: 'yan kan layi. "Malam, in ruwan ya zo ka nuna masa taswira, ai kai ka iya turancinsa." Shi ma tsohuwarsa na kwance a ɗakin baya. Mun sha dariya.

Lahadi, 21 ga Yuli

Mai Bene ya zo da ƙatuwar motarsa, ya durƙusa ya gaida Inna. "Yaya Malam, ɗaki biyu na nan a ƙasa, ba kowa sai ɓeraye." Na ce na gode, kada a tashi ɓerayen, su suka riga ni. Maman yara ta dangwarar mini da abinci ta juya.

Litinin, 5 ga Agusta

Kwamitin haɗin gwiwa na jiha da ƙaramar hukuma ya zauna a kan maganar layin. Ya haifi ƙaramin kwamiti.

Alhamis, 15 ga Agusta

Ruwa tun safe. Bayan azahar magudana ta cika ta juyo da baya. Kafin in gama neman takalmi ya kai ƙafar gadon Inna. Ni da Maman yara muka ɗauke ta muka kwantar a kan teburin falo. Ban san ta rame haka ba, kamar na ɗauki filo.

Sai ƙara daga gidan Tela. Katangar baya ta faɗa wa ɗakin tsohuwarsa. Shi yana shago, matarsa tana fitar da yara. Muka yi ta tono da shebur da hannu.

Da na dawo Inna ta ce, "Wa ke kuka?" Na ce ƙarar ruwa ce.

Juma'a, 16 ga Agusta

An kai tsohuwar Tela makwancinta. A hanyar dawowa Tela ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, jira nake hukuma ta faɗa mini in tashi." Na raka shi har ƙofar gidansa.

Talata, 20 ga Agusta

Sun zo ta'aziyya, jiha da ƙaramar hukuma, kowa da motarsa. Za a fara awo da zarar damina ta ɗauke.

Asabar, 24 ga Agusta

Danshi na cin littattafaina, don haka shekaranjiya na je na roƙi Mai Bene wurin ajiye su. Littattafai kawai. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Amma littafi yana son mai sa ido, sai Inna ta bi su, Maman yara kuma ta bi Inna da yaran.

Ni ban tashi ba. Na dai kwana can jiya saboda hadari ya haɗo.

Yau ma ga shi yana haɗowa.